Haƙƙin Malamin Harbi a Zangunan Akra

Harbin nesa fanni ne da littafi kaɗai ba ya koyar da shi. Harsashin bindigar soja da aka harba zuwa yadi 1,000, wato mita 900 da 'yan kai, yakan shafe fiye da daƙiƙa ɗaya a hanya, ya sunkuya ƙasa tazarar mita 10 ko fiye daga inda bakin bindiga ya dosa. Iska mai gudun kilomita 16 a sa'a, idan ta bugo ta gefe, tana iya kautar da shi fiye da mita 2. Ana iya rubuta wannan lissafi a takarda. Abin da ba ya rubutuwa shi ne karanta iska daga kaɗawar tuta da rausayar ciyawa da rawar kawalwalniya a saman ƙasa idan rana ta take, da sanin inda za a tsai da numfashi kafin a matsa kunama. Wannan sai da malami wanda zai kwanta rub da ciki kusa da ɗalibi, idonsa a kan yatsan ɗalibin da kafaɗarsa. A Bisley ta Ingila, inda aka mayar da babbar gasar harbi a 1890, har yau akan ɗauki gwanin da ya ci kyautar Sarki a kan kujera a zaga da shi. Wanda ya koya masa yana cikin 'yan kallo, idan ma yana da ƙafar zuwa.

A Gana doka ta tsananta kan mallakar bindiga, don haka wannan ilimi kusan duk yana hannun soja da 'yan sanda. Zangunan Akra kuwa da aikin soja tare suka tashi. Kyaftin John Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Legas a 1863, ya zo da su yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, kuma daga wannan tushe aka gina rundunar tsaron Gwalkwas, wato Gana ta yau, a 1879. Hausa ce ta zama harshen bariki, ko da sojan Bagurunshe ne ko Badagombe ko Bazabarme. Alhaji Grunshi, wanda ake cewa shi ne sojan farko a ɓangaren Birtaniya da ya fara harbi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo cikin Agustan 1914, ɗan wannan runduna ne. Unguwar Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930, ta cika ta batse ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, sa'ad da masu neman aiki a sansanonin soja da mazan jiya da suka dawo daga Bama suka nemi wurin zama mai sauƙi kusa da bariki. Daga Nima ko Mamobi zuwa asibitin sojoji na 37, wanda aka gina a 1941, tafiyar ƙafa ce. Shi ya sa da wuya a ratsa lungu a unguwannin nan ba a ji ana kiran wani dattijo Baba Soja ba. Cikin irin waɗannan dattawa akwai tsofaffin saje da samanja da suka ƙare ƙuruciyarsu a filin harbi na Teshi da ke bakin teku, ko a dajin Bundase, suna koya wa kurata saiti.

Koyarwar tasu ta haƙuri ce. Malami yakan ɗora kwabo a kan hancin bindigar da ba harsashi a cikinta, ya ce wa kurtu ya matsa kunama. In kwabon ya faɗi, hannu ya fizga ke nan, sai a sake, a yi ta sakewa har kwabon ya zauna daram. Wani lokaci ya cusa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da ɗalibi ya sani ba, domin ɗalibin ya ga da idonsa yadda yake zabura tun kafin ƙara ta tashi. Kafin duk wannan akwai darasin farko: ba a nuna bakin bindiga ga abin da ba a yi niyyar harbi ba, kuma yatsa ba ya kusantar kunama sai an tabbatar da abin da ke gaba da abin da ke bayansa. Sojojin Gana da suka je aikin kiyaye zaman lafiya a Kongo a 1960, da Labanon, da Laberiya a 1990, da Ruwanda a 1994, da wannan tarbiyya suka tafi. Wanda ya dawo gida lafiya, bai kuma ɗauki alhakin ran wani a banza ba, malaminsa na da kaso a ciki.

Sana'ar tana barin tabo. Na farko shi ne kunne. Mai harbi da dama, kunnensa na hagu ne ya fi mutuwa, saboda kai yana kare na dama idan an jingina kunci da gindin bindiga. Malami kuwa ƙarar bindigar kowane ɗalibi a kunnensa take sauka, a zamanin da ba a damu da toshe kunne ba. Sai ciwon gwiwa da na baya, sai kuma cututtukan tsufa da ba su bar kowa ba: hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 2003, ta yafe wa masu shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shekara, amma na'urar ƙara ji ba ta cikin abin da take biya. Akwai hukumar kula da tsofaffin sojoji, akwai fansho, sai dai darajar sidi takan zube ta bar fanshon a baya. Kukan mazan jiya kan haƙƙinsu ma ya girmi ƙasar kanta. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, a kan hanyarsu ta kai takardar koke fadar gwamna a Osu, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne hanyar taimako. Tun da aka fara tura kuɗi ta waya a Gana a 2009, kuma WhatsApp ya haɗa 'yan aji ɗaya da 'yan runduna ɗaya, labarin rashin lafiyar tsohon malami kan zaga cikin yini guda. A sa lambar MoMo, wato ta tura kuɗi ta waya, kuɗi su shigo daga Kumasi da Tamale, daga Jamus da Amurka, daga wanda ke bakin aiki a wata ƙasa. Alheri ne babba, kuma ba daidai ba ne a raina shi. Aikin tiyata da a da sai an sayar da kadara kafin a yi shi, yanzu ana iya haɗa kuɗinsa kafin Juma'a ta zagayo. Ɗalibin da ya yi nisa ya samu ƙofar sauke nauyi, saƙonnin godiya da ake turowa kuma, idan aka karanta wa dattijo su da ƙarfi, sukan yi masa amfanin da magani ba ya yi.

Amma wannan salo yana da giɓi. Gudummawar waya ta tashin farko ce: takan zo da yawa a makon da aka kwantar da mutum, ta ƙafe a wata na biyu, alhali shanyewar jiki da ciwon ƙoda na shekaru ne. Sannan akwai hoto. Domin a motsa zukata, akan ɗauki dattijo a gadon asibiti da robar fitsari a gefe, a watsa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tsayawa ƙyam a gaban fareti bai cancanci a yi bara da tsiraicinsa ba, kuma sau da yawa ba a ma tambaye shi. Jera sunayen masu bayarwa da adadin abin da kowa ya bayar yana kare amana, gaskiya ne, sai dai yana sa mai ƙaramin ƙarfi ya noƙe. Mafi nauyi duka shi ne yadda tura kuɗi ya fara maye gurbin dubiya. Mutum yana unguwar Kanda ko Kotobabi, tsakaninsa da ɗakin malaminsa bai wuce kuɗin motar haya ta tiro-tiro ba, ya tura sidi ɗari ya ga ya fita haƙƙi. Zumunci a ƙafa yake, kuma duba mara lafiya yana cikin haƙƙoƙin da addini ya ɗora wa Musulmi a kan ɗan'uwansa. Ga wanda kunnensa ya mutu, kiran waya ma azaba ne. Abin da ke isa gare shi shi ne mutum ya shigo, ya zauna ta ɓangaren kunnen da ke ji, ya fuskance shi ya ce, “Baba, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi,” ya bar shi ya ba da labarin iskar Teshi karo na nawa ne ma.

Akwai kuma batun mutuwa. A zango an san yadda ake tsayawa wa sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in: rumfuna, kujeru, shinkafa, wani lokaci har da anko. Sau da yawa abin da aka kashe a ranar addu'a ya fi abin da mamacin ya gani a duk tsawon jinyarsa. Addu'a haƙƙi ce, ba mai ja. Amma na'urar ƙara ji da keken guragu da kuɗin gashin ƙashi, mai rai kaɗai suke yi wa amfani.

Gyaran ba ya buƙatar sabon abu, domin zango ya daɗe da sanin adashi. Tsofaffin ɗalibai za su iya yanka wa kansu ƙaramin abu kowane wata, a damƙa shi ga mutum biyu amintattu, ɗaya daga cikin ɗaliban, ɗaya kuma daga iyalin malam, a riƙa bayyana jimillar abin da ya shigo da abin da aka kashe ba tare da fallasa mai bayarwa ba. A raba ranakun kai shi asibiti, saboda layin karɓar kati da na magani ya fi ƙarfin tsoho shi kaɗai, kuma likita yana buƙatar wanda zai ji bayani a madadinsa. A tuna da mai jinya, wadda galibi matarsa ce ko 'yarsa da ta rufe teburin kokonta ko na wake da shinkafa don ta zauna da shi. Wani kaso na gudummawar nata ne, haka ma hutun yini guda a mako. Kada a ɗauki hoto sai da izininsa, yana zaune da rigarsa da hularsa. In ya yarda, a naɗi muryarsa da wayar nan da ake tura kuɗin da ita: yadda yake karanta iska, sunayen waɗanda suka koya masa, kalmomin Hausar bariki da matasan soja suka daina amfani da su. A ba iyalinsa kwafi, a ajiye wani a wurin ƙungiyar tsofaffin ɗalibansa.