Kome Nisan Jifa

Cikin karin maganar Hausa akwai wadda kusan kowa ya sani, watau, "Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo." Dattawa kan faɗa wa yaro mai ɗagawa, ko ɗan ci-rani wanda ya daɗe bai waiwayi gida ba. Ta wajen tarbiyya babu mai ja da ita. Amma karin magana ƙafa biyu gare ta, akwai abin da a ke nufi, akwai kuma abin da aka yi misali da shi. In misalin ya karye, ma'anar ma sai ta yi ɗingishi. To, ga shi yau ɗan'adam ya yi jifan da ya shekara da shekaru a sama bai faɗo ba. Saboda haka ya kamata a ɗora wannan magana bisa ma'auni, a ga ko har yanzu tana da nauyinta.

A Geza, cikin ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, wajen iyakar Binin, in mutane suka zauna ƙofar gida bayan magariba da rani, sau da yawa su kan ga wani ɗan haske yana ratsa taurari a hankali, ba ƙara, ba ƙyaftawa irin ta jirgin sama. Wannan shi ne tauraron ɗan'adam. Saurayin da ya gama ajin yaƙi da jahilci ya kan nuna shi ya ce maganar mutanen dā ta mutu. Tsohon da ke gefensa kuwa ya ce abin da ke cikin takarda ne ƙarya, gama ƙarfe ba ya zama a sama ba igiya ba ginshiƙi. In aka bar su haka, saurayi ya rena iyayensa, tsoho kuma ya rena karatu, an yi asara biyu ke nan.

Warware wannan gardama na hannun yaran da ke korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Yaro ya kan sa dutse a majajjawa ya yi ta juyawa. Dutsen nan so ya ke ya wuce sak, igiya ce ke janyo shi, sai ya bi da'ira. Duniya ma igiya gare ta wadda ido ba ya gani, watau ƙarfin nan da ta ke jan kowane abu zuwa cikinta. Abin da aka saki ya kan faɗi kamar mita 5 a sakan na fari. Duniya kuwa ƙwallo ce, in aka yi tafiyar kilomita 8 bisa kanta, doronta ya lanƙwashe ƙasa kamar mita 5. To, a ce an jefa dutse a kwance, can sama inda iska ba ta tare shi, da saurin kilomita 8 a sakan guda. Kafin ya faɗi mita 5, ƙasa ta kauce masa mita 5. Yana faɗuwa tana kaucewa, har ya kewayo inda ya tashi. Wani masanin Ingila, Niyuton, shi ya bayyana wannan lissafi cikin littafin da ya fitar a 1687, ya kuma nuna ƙarfin da ke kayar da dutse shi ne ke riƙe da wata.

A nan ne karin maganar ta ci nasarar da masu ita ba su zata ba. Tauraron ɗan'adam bai kuɓuta daga faɗuwa ba, faɗuwa ce sana'arsa dare da rana. Wata ma jifa ne, yana can nisan kilomita wajen 384,000, yana faɗowa wajen duniya yana kuskure ta, ya kewaye ta cikin kwana 27 da 'yan sa'o'i. Abin da ya sa a ke ƙirga kwana 29 ko 30 daga tsayuwa zuwa tsayuwa, ita duniyar ta gusa gaba bisa hanyarta, sai wata ya ƙara kamar kwana 2 kafin ya sake daidaita da rana. Duniya kuma haka ta ke faɗuwa wajen rana, ta kewaye ta cikin kwana 365 da rubu'i.

Gwargwadon nisa, gwargwadon nawar tafiya. Tashar sararin sama wadda ƙasashe suka fara haɗawa a 1998 an sa ta ne kilomita wajen 400 bisa ƙasa, inda kewaye guda ke cin minti 90 da 'yan kai. Amma a nisan kilomita wajen 36,000, daidai bisa tsakiyar duniya, kewaye guda yini da kwana ya ke ci, watau daidai da juyin duniya. Abin da aka ajiye can sai a gan shi kamar an kafe shi da ƙusa. Can aka kai NigComSat-1R, tauraron sadarwa na Nijeriya wanda aka harba daga ƙasar Sin cikin Disamba 1911 da ɗari, watau 2011. Shi ya sa farantin talabijin da aka ɗaura bisa rufin gida a ke saita shi sau ɗaya a bar shi, ba ya bukatar a riƙa juya shi kamar mai bin tsuntsu da ido.

Har wa yau, yawancin jifan nan ƙasa su ke ƙarewa da gaske. Sputnik, na farkonsu duka, Rasha ta harba shi ran 4 ga Oktoba 1957, cikin Janairu 1958 ya faɗo ya ƙone, domin 'yar iskar da ta rage can sama ta yi ta rage masa gudu. Mutanen Amurka da suka sauka bisa wata cikin Yuli 1969 su ma teku suka faɗo da za su dawo. Tsohon Geza yana da hujja.

Amma mai auna magana ba ya ɓoye aibinta. Kalmar "kome" ta yi faɗi da yawa. Jifan da ya kai saurin kilomita 11 da 'yan kai a sakan ya fi ƙarfin igiyar duniya, ba ya komowa. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya bi ta kusa da manyan duniyoyin nan biyu, Mushtari da Zuhalu, ya ƙaro gudu daga jansu, ya yi gaba, ko rana ba za ta iya dawo da shi ba. Ashe karin maganar gaskiya ce ga hannun mutum da bakin bindiga, amma tana da iyaka, kamar yadda ƙasar Bagudo ke da iyaka.

Da wannan ma'auni za a iya gwada 'yan'uwanta. A kan ce Zara matar wata ce, don a kan gan su tare yamma-yamma sa'ad da wata ya tsaya. Ganin daidai ne, auren ne babu. Zara duniya ce mai kewaya rana cikin kwana 225, hanyarta tana ciki da ta duniyar mutane, saboda haka ba ta nisa da rana. In tana bin bayan rana a gan ta da magariba, in ta sha gabanta a gan ta da asuba a ce Gamzaki ne, alhali abu guda ne. Haka kuma in wata ya yi zazzaɓi a kan ce ya bi hanyar rana ne ta kama shi, yara su fita da kiɗan gwangwani. Rabin maganar gaskiya ne, gama hanyar wata a karkace ta ke, husufi ba ya aukuwa sai ya zo inda hanyarsa ta gitta ta rana. Sauran rabin kuwa inuwa ce kawai, ta duniya bisa wata, ko ta wata bisa duniya.

Kada a ce wannan gyaran magana wasa ne. Cikin Janairu 2001 an yi husufin wata, waɗansu samari a Maiduguri suka ɗora laifin bisa mutane, suka yi ƙone-ƙone. Ran 29 ga Maris 2006 kuwa inuwar wata ta ratso Gana da Togo da Binin ta shigo Nijeriya da hantsi, ta bi ta Gusau da Katsina, a ƙasar Bagudo ma mafi yawan rana ta rufe. Masu lissafi sun faɗi ranar da sa'ar tun da sauran shekaru. Abin da aka san lokacinsa tun kafin a haifi mutum ba ya zama laifin maƙwabcinsa.

Hausa ba ta kasa ɗaukar irin wannan bayani ba, littafin Ikon Allah na Dokta East da Abubakar Imam ya riga ya nuna haka tun 1949. Marubucin da ke son sababbin masu karatu su fahimci tafiyar taurari, kada ya fara da yi wa maganar kakanninsu dariya, kada kuma ya haɗiye ta da ƙaiƙayinta. Ya sheƙe ta tukuna, tsaba gefe, dusa gefe. Wannan karin magana dai ta ci jarrabawa, ko da ya ke ba ta cinye duka ba. Saurayin Geza ya ci gaba da karatunsa, tsoho kuma ya ci gaba da faɗin maganarsa, gama hasken nan da su ke gardama a kansa jifa ne, kuma faɗuwa ya ke yi.