Awartakin da ake haɗiyewa

Maƙeri ba ya ɗaukar ƙarfe daga wuta da hannu, awartaki yake sawa. Amma idan ƙarfen yana yawo ne cikin jinin yaro ɗan shekara biyu, da wane awartaki za a cafko shi?

Wannan ce matsalar da ta auka wa Dareta a ƙaramar hukumar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum, a 2010. Dutsen zinare da ake dakawa a tsakar gida cike yake da dalma, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara, sama da 400 suka rasu a Zamfara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo da wani magani mai suna DMSA.

Gwanintar waɗanda suka haɗa shi ita ce sanin halin gubar. A cikin jiki dalma shigar burtu take yi: ta zauna a gurbin sinadaran da ƙwaƙwalwa da ƙashi suke buƙata, ta tsayar da aikin haɗa jini. Sai dai tana da kwaɗayi guda, wato farar wuta. Ko dutsen tozali, sau da yawa dalma ce manne da farar wuta. Masana sinadarai suka yi mata tarko da abin da take so. Kowace ƙwayar DMSA na ɗauke da farar wuta biyu, ga gefen da ke narkewa a ruwa. Ta kama dalmar, ƙoda ta tace, a fitar da ita ta fitsari.

Ba dare ɗaya aka kai nan ba. Kakan DMSA, wato maganin BAL, a Jami'ar Oxford ta Ingila aka haɗa shi lokacin yaƙin duniya na biyu, don maganin iskar guba. Allura ce mai zafi, cikin man gyaɗa. Sai da aka yi ta gyaran ƙirar kafin a samu na sha, wanda Amurka ta amince da shi a 1991. Yanzu ana iya buɗe kafson a zuba wa yaro a ɗan abinci, duk da warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai.

Masu aikin sun san iyakar awartakinsu: jini yake wankewa, ba ya share tsakar gida. Shi ya sa a Dareta aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, don kada yaron da aka sallama ya koma rarrafe kan abin da aka cire masa.