An ƙirga su, ba a saurare su ba

Anketin EDSN na 2012 ya ce kusan mata 6 cikin 10 a Nijar na ganin akwai laifin da ya halatta wa miji duka. To, sai me? Tambayar "i ko a'a" ce, rahoton kuma da Faransanci. Ina wurin da mace za ta ce yaji bai da amfani in uba zai maido ta gobe?

Tun 1991 Mata Masu Dubara ke taruwa a Maradi. Su suka san gidan da ake kuka da dare. Mu masu shirin memuwar, mu tsara tambayoyi tare da su, mu maido musu sakamako da Hausa, ban da sunan kowa. In asiri ya tonu, ita za ta kwana gidan, ba mu ba.