Sharhi a Kan Powerman da Iliya Ɗan Maiƙarfi

Daga 1975 zuwa 1977 aka riƙa buga Powerman domin masu karatu a Nijeriya, watau labarin wani jarumi cikin zane-zane, aikin Dave Gibbons da Brian Bolland na Ingila. An sa wa kowane hoto lamba don kada mai karatu ya ɓace. Abin lura shi ne lagon jarumin: duk ƙarfinsa, saran maciji na iya kayar da shi. Ɗan manomi a Ungogo, wanda ya san kububuwa a kunyar gyaɗa, ba sai an yi masa bayanin wannan ba, saɓanin koren dutsen da ke raunana Superman.

Sai dai da Turanci aka rubuta shi, kuma samunsa yau da wuya. Malamin da ke son jawo yaran ƙauye ga karatu gara ya fara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa (1951), wanda tushensa labarin Rasha ne. Iliya ya tashi gurgu, ya sami ƙarfi, ya ƙare dutse. Aibin littafin shi ne yaƙe-yaƙensa sun cika kama da juna, har yaro ya fara tsallake shafi.