Tsokaci a kan Daftarin Darasin "Tsatsa da Hanyoyin Kare Ƙarfe"

Daga cikin daftarorin da aka gabatar mana domin nazari akwai darasi guda a kan tsatsa, wanda aka shirya da Hausa don taimaka wa malamin da ke koyar da farkon kimiyyar sinadarai a makarantun sakandare da kwalejojin fasaha. Batu ne da ɗalibi zai gamu da shi a jarrabawar WAEC da NECO da NABTEB, kuma zai sake gamuwa da shi idan ya shiga fagen injiniya. Ko da harshen jarrabawa Ingilishi ne, kowa ya san cewa idan bayani ya cije a aji, Hausa malami yake komawa. Saboda haka abin da aka rubuta masa da Hausar shi ne zai zauna a kan yaro.

Mun auna daftarin ne da idon ɗalibin da ya tashi a unguwar Bagama cikin garin Suleja, wanda kullum yake wucewa ta gaban masu walda da masu sayar da kwanon rufi da rodi, a garin da gine-gine ba su tsaya ba tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991. Tambayarmu ita ce: idan ya gama darasin, zai iya bayyana abin da yake gani a hanyarsa ta gida?

Kashi na farko ya yi kyau. Gwajin ƙusoshi uku a cikin kwalabe uku, wato ɗaya da ruwa da iska, ɗaya da tafasasshen ruwa da aka rufe samansa da mai, ɗaya kuma da busasshiyar iska, an tsara shi da Hausa mai sauƙi, kuma ya nuna sarai cewa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu kafin tsatsa ta samu. Gyara ɗaya kawai muke da shi: sinadarin kalsiyom kulorayid da aka ce a busar da iska da shi ba kowace makaranta ke da shi ba, alhali 'yan ƙunshin silika da ake samu a kwalin sabon takalmi za su yi wannan aiki.

Matsala ta fara ne daga kalmomi. Marubutan sun ɗauki "ƙarfe" ta wakilci abu biyu: baƙin ƙarfe, da kuma dukkan dangin ƙarafa. Haka kuma sun ɗauki "tsatsa" ta wakilci jan garin nan da ke fitowa a jikin baƙin ƙarfe, da kuma duk wata lalacewa da sinadarai ke yi wa kowane irin ƙarfe. Sakamakon haka, a shafi guda an ce duk ƙarfe yana tsatsa, a shafi na gaba kuma an ce goran ruwa ƙarfe ne amma ba ya tsatsa. Yaron da ya ce littafi ya yi tufka da warwara bai yi ƙarya ba. Gaskiyar lamari ita ce goran ruwa ma yana haɗuwa da oksijin, har ya fi baƙin ƙarfe saurin yin haka, sai dai fatar da yake yi siririya ce mai manne wa jikinsa, tana toshe hanyar iska. Ita kuwa tsatsa ɓarewa take yi tana buɗe sabon wuri, kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, abin da ya sa rodi mai tsatsa yake tsaga kankare daga ciki.

Wannan ba talaucin harshe ba ne. Maƙera da 'yan kasuwa sun daɗe da bambanta baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da tagulla da dalma da kuza da tutiya. Muna ganin a bar wa baƙin ƙarfe "tsatsa" shi kaɗai, a nemo wata kalma ga babban batun. An kawo shawarar "zaizayar ƙarfe", amma zaizaya tana kawo wa mai sauraro hoton ruwa yana kwashe ƙasa, wato aikin guga, ba na sinadari ba. "Cinyewar ƙarfe" ta fi kusa, domin dama Bahaushe cewa yake yi tsatsa ta ci abu kaza. A nan ma ya dace a ja kunnen malami game da kwanukan da ake kira "silba" a kasuwa: ba azurfa ba ne, baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da kuromiyom aƙalla kashi 10.5 cikin 100, irin wanda Harry Brearley ya samar a Sheffield ta Ingila a 1913.

Babban kuskuren daftarin kuwa yana kashi na uku, inda aka jera fenti da mai da shafen kuza da shafen tutiya a ƙarƙashin kanu guda, aka ce dukkansu rufe ƙarfe suke yi kada iska da ruwa su taɓa shi. Game da fenti da mai haka ne. Mai walda da ke shafa wa sabon ƙyaure jan fenti kafin ya sa na ado, katanga yake ginawa tsakanin ƙarfe da damina. Amma a kan kuza da tutiya bayanin ya gaza, kuma daidai nan ne ilmin injiniya yake farawa.

A ɗauki gwangwanin madara da guntun kwanon rufi, a karce kowanne da ƙusa har baƙin ƙarfen ciki ya bayyana, a ajiye su a waje lokacin damina. Bisa ga bayanin daftarin, ya kamata su yi tsatsa tare, tunda an huda rufin kowannensu. Ba haka ke faruwa ba. Gwangwani zai yi ja a wurin karcen da wuri, kwano kuwa zai daɗe bai nuna komai ba. Dalili shi ne ɗigon ruwan da ya kwanta a kan karcen yana haɗa ƙarafan biyu su zama kamar ƙaramin batir, kuma a irin wannan haɗi wanda ya fi saurin sakin ilektoron shi ake ci. Tutiya ta fi baƙin ƙarfe saurin saki, don haka ita ke cinyewa ta fanshe shi. Kuza kuwa ba ta kai shi ba, sai ya zama shi ke cinyewa, har ma da sauri fiye da in ba ta nan. Duk yaron da ya taɓa ganin tsohon batirin tocila ya huje yana yoyo ya riga ya ga tutiya tana cinyewa, domin da ita ake yin gwangwanin irin wannan batir.

Muna ba da shawarar a kira wannan "kariyar fansa", a ware mata kanu nata. Da ita ce Humphry Davy ya gwada kare jan ƙarfen da ke gindin jiragen ruwan yaƙin Ingila a 1824, ta hanyar manna masa guntayen tutiya da baƙin ƙarfe. A kan wannan ƙa'ida kuma ake kare bututun mai da aka binne a ƙasa, irin waɗanda aka shimfiɗa zuwa ma'ajiyar man NNPC ta Suleja: bayan an naɗe bututu, a haɗa shi da dunƙulen maganiziyom, ko a riƙa tura masa wutar lantarki kaɗan-kaɗan. Daftarin ya ambaci bututun mai a jimla guda ya wuce, alhali ɗalibin da aka koya wa cewa kariya rufi ce kawai ba shi da hanyar gane yadda dunƙulen da aka binne a gefe zai kare bututun da bai lulluɓe ba.

Akwai kuma wurin da aka fassara sunan kwanon rufi da "rufin tutiya", bisa bin Turancin kasuwa. Kwano baƙin ƙarfe ne da aka tsoma a narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyos. Da tutiya ce zalla, da ba a ga tsofaffin rufunan cikin gari sun yi ja ba. Jan yana bayyana ne bayan tutiyar ta ƙare.

Tambayoyin ƙarshen darasi guda biyar duk na hadda ne: lissafa, ambaci, kawo. Muna roƙon a cire biyu daga ciki, a maye gurbinsu da gwajin gwangwani da kwano, a nemi ɗalibi ya rubuta hasashensa kafin a ajiye su, sannan ya dawo bayan mako biyu ya bayyana abin da ya tarar. Har sai an yi wannan, an kuma daidaita kalmomin da muka ambata, ba mu ga dacewar a kai kashi na uku gaban malamai ba.