Zosimus da Gunkin da Aka Narkar

Tun ƙarni na 9 ake yi wa marubucin tarihi Zosimus kallon ɗan kwafe. Photius, babban limamin cocin Kustantiniyya, ya ce mutumin nan littafin tarihin Eunapius kawai ya juye. Na baya suka ƙara da cewa yana cikin sukar sarkin yaƙi Stilicho, da ya koma ɗibar labari wurin wani marubucin, Olympiodorus, sai ya shiga wanke shi. An ji. Amma duk wanda ya tsaya nan bai karanta shi ba.

Zosimus lauyan baitulmali ne, ya yi rubutu da Girkanci wajen shekara ta 500, Kiristanci ya riga ya ci gari, shi kuwa yana riƙe da addinin gumaka na kakanninsa. Tsohon marubucin tarihi Polybius ya nuna yadda Rumawa suka mallaki duniya cikin shekara 53, shi kuma ya ɗauki nauyin nuna yadda suka ɓarar da ita. Ba ruwana da gumakansa, salonsa nake karewa.

Dubi shekarar 408, da Alaric da mayaƙansa suka yi wa birnin Rum ƙawanya. Zosimus ya jero kuɗin fansa tiryan-tiryan: zinariya fam 5,000, azurfa fam 30,000, rigunan alharini 4,000, jajayen fatu 3,000, masoro fam 3,000. Baitulmali wayam, abin da aka tatsa daga manyan gari bai kai ba. Sai aka kwashe adon gumaka, aka narkar da wasunsu, ciki har da gunkin Virtus, wato Jarumta. Daga nan, in ji shi, ɗan abin da ya rage na mazakuta a zukatan Rumawa ya mutu. Bai yi dogon wa'azi ba. Abu ɗaya ya ajiye a gabanka, wanda a wajen ma'aji nauyin ƙarfe ne, a wajen mai bauta kuma ran birni ne, ya jefa shi wuta kana gani. Haka ya yi da Serena, matar Stilicho. Ta cire sarƙa daga wuyan gunkin Rhea ta rataya a nata, wata tsohuwa daga cikin budurwoyin Vesta ta tsine mata, a lokacin ƙawanyar nan kuma majalisar dattawa ta sa aka shaƙe wannan wuyan.

Masu cewa camfi ne tsagwaronsa sun manta sana'ar mutumin. A ganina, ko ta ina ya fara zancen alloli, a kan kuɗi yake sauka. Ya zargi Sarki Konstantin da watsar da tsofaffin bukukuwa, amma inda alƙalaminsa ya fi zafi shi ne harajin zinariya da azurfa da ake karɓa daga 'yan kasuwa duk shekara huɗu, da bulala, har uwaye na sayar da 'ya'yansu. Wannan zargi ya yi wa Kiristoci ciwo ƙwarai, har marubucin tarihin coci Evagrius ya keɓe babi yana musanta cewa Konstantin ne ya ɗora harajin.