Manhajar Addini a Sakandaren Katolika da Ɗan Mai Bi na Ƙasar Ikara

Dayosis ɗin Katolika na Zariya, wanda aka kafa a 2000, ya haɗa da Ikara, Makarfi da Kudan. Masu bi na waɗannan wurare Hausawa ne, yawancinsu daga gidajen Maguzawa, kuma ba Katolika kaɗai ke kai 'ya'yansu makarantun fada ba, har da membobinmu. Saboda haka abin da ake koya wa yaro a ajin addini a can ya shafi kowane fasto.

Koyarwar hawa biyu ce. Na farko shi ne darasin CRS na gwamnati, wanda ke kai ɗalibi ga jarrabawar WAEC da NECO. Na biyu shi ne katikisim da sujada, waɗanda ikkilisiya ta ƙara da kanta. A nan dole a yaba wa Katolika: ba su bar wa hukumar jarrabawa renon ran yaro ba, abin da makarantunmu da dama suka yi.

Manhajar WAEC ta kasu uku: jigogi daga Tsohon Alkawari, jigogi daga Matiyu, Markus, Luka da Ayyukan Manzanni, sai zaɓaɓɓun wasiƙu. Yaron da ya bi ta da kyau zai san Yusufu da Dawuda da Nehemiya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma dubi yadda ake juya labaran. Yusufu ya zama darasin shugabanci, Dawuda darasin biyayya, kowane labari a tatse shi a fitar da kyakkyawan hali guda uku don a ci maki. Almasihu da dukan Nassi ke nunawa sai ya koma jigo ɗaya cikin jigogi. Ga shi kuma da Turanci ake yin komai, alhali muna da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa tun 1932. Yaro ya iya rubuta ma'anar alheri da Turanci, ya kasa bayyana wa kakarsa ita a tsakar gida.

Babban giɓin yana wani wuri dabam. Ɗan mai bi na Makarfi yana zaune da kawu Musulmi, abokan wasansa Musulmi, mai shagon da yake sayen sabulu Musulmi. Tambayoyin da za su yi masa sanannu ne: ta yaya Allah zai haifi ɗa? Ba ku bauta wa alloli uku? Ba an canza Linjila ba? Wa aka gicciye? Manhajar jarrabawa ba ta shirya shi don ko ɗaya ba, domin an tsara ta ne ga dukan Nijeriya, ɗan Onica da ɗan Kudan takarda guda. Katikisim ya fi ta zurfi a kan Allah Ɗaya cikin Uku, gaskiya ne. Sai dai babban Katikisim na 1992, mai sakin layi 2,865, ya keɓe wa dangantaka da Musulmi sakin layi na 841 ne kawai. Abin mamaki, Katolika na da dukiyar da za su cike giɓin da ita: takardar Nostra Aetate ta 1965 ta yi magana a kan Musulmi da girmamawa. Ya kamata ɗan aji huɗu a Zazzau ya san ta, ya kuma san inda bangaskiyarsa ta rabu da ta maƙwabcinsa, ba da faɗa ba, ba da kunya ba, kamar yadda 1 Bitrus 3:15 ke nema.

A 2017 an yi ta cece-kuce kan cusa CRS da IRS ƙarƙashin darasi guda a matakin firamare da ƙaramar sakandare, har aka umarci a raba su. Mun yi nasarar tsare sunan darasin. Abin da ke cikinsa kuwa, kaɗan ne suka tambaya.

Sai tarihi. A Gimi, cikin ƙasar Makarfi, mishan na CMS ya zaunar da Isawa, mabiyan Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, bayan sun nemi Dokta Walter Miller a 1913. Ciwon barci ya hallaka da yawa, sauran suka koma Zariya, daga baya Wusasa. Yaro zai iya zana tafiye-tafiyen Bulus a taswira, bai taɓa jin cewa akwai kaburburan Hausawa masu bi kusa da gonar ubansa ba. Idan aka ce masa addininsa na baƙi ne, da me zai amsa? Na san labarin Gimi na Anglikan ne, amma wanda ke yi wa yaro gori a kasuwa ba ya bambanta ɗariƙa.

Makaranta ba ta da ikon sauya takardar WAEC. Lokacin katikisim kuwa nata ne, haka ajin baftisma da taron matasa namu ne. Awa ɗaya a mako, da Hausa, a kan tambayoyin nan huɗu da tarihin ikkilisiyar Zazzau, ba ta bukatar izinin Abuja. Abin da take bukata shi ne katikis ko fasto da ya zauna ya shirya darasin.